Yadda na yi jinyar raunin Guntu a gida

Jinin na fara gani kafin in ga raunin. Ɗigo-ɗigo ne a kan siminti, tun daga gindin shinge har zuwa ƙarƙashin kujerar da karena Guntu ya saba ɓuya in ya yi laifi. Da na leƙa sai na same shi a duƙunƙune, ya juyar da kai yana ta lasar cinyarsa ta hagu. Guntu ƙaramin kare ne, kilo 4 ya yi a awon ƙarshe da aka yi masa, kuma gashi ya fi nama yawa a jikinsa. Sai daga baya na gano yadda abin ya faru. Wata waya ce ta kwance a ƙasan shingen, ya kutsa ta wurin yana bin ƙadangare, bakin wayar ya karce shi.

Ban yi wata-wata ba na kai hannu zan ɗaga ƙafar, sai ji na yi haƙoransa sun haɗu ƙwas, saura ƙiris su kama mini yatsa. Shekara uku muna tare, ko gurnani bai taɓa yi mini ba. Ban ga laifinsa ba, don zafin ciwo ba ya barin dabba ta tuna wane ne mai ita. Na ƙwala wa ƙanena kira ya kawo babban tawul, muka naɗe Guntu a ciki, muka bar ƙafar kaɗai a waje. Sannan na yanko bandeji mai tsawo na yi masa takunkumi: na zagaye bakin na ɗaure ta sama, na sake zagayowa ta ƙarƙashin haɓa, na kai bakunan biyu bayan kunnuwa na ƙulle. Irin wannan takunkumi na 'yan mintoci ne kawai, domin da haki kare yake fitar da zafin jikinsa. Ba kuma a yi wa karen da yake amai, ko mai numfashi da ƙyar, ko mai gajeren hanci.

Na ninka ƙyallen raga na asibiti na danne wurin da tafin hannu. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙanena ya ce, "Yaya, ɗaga mu gani ko ya tsaya." Ni ma hannuna ƙaiƙayin ɗagawa yake yi, amma na san duk ɗagawar da za a yi tana ɓamɓare ɗan daskarewar da jinin ya fara ne, a koma farko. Na ce ya duba agogo, sai minti biyar sun cika. Da jini ya ɓullo ta saman ƙyallen ban cire shi ba, na ɗora wani a kai na ci gaba da dannawa. Abin da ya sa hankalina bai kwanta ba shi ne ƙanƙantar jikin nasa. Jinin kare bai wuce mililita 80 zuwa 90 a kowane kilo ba, wato duk jinin da ke jikin Guntu wajen mililita 350 ne, bai cika gorar ruwa ta rabin lita ba. Zubar da babban kare ba zai ma ji ta ba, shi tana iya kayar da shi. Da minti biyar suka cika na ɗaga a hankali. Ya tsaya.

A nan ne na ɗauki hoton wurin na aika wa likitan dabbobin da yake duba shi, sannan na kira. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, cizo ne?"

"A'a Likita, waya ce ta karce shi."

"Ka tabbata? Ka shafa jikinsa duka, ka duba ko akwai wasu ƙananan huji."

Ya yi mini bayanin abin da ya sa yake nanatawa. Cizon wani kare yaudara gare shi: a sama huji biyu ne kamar na ƙusa, amma a ƙarƙashi haƙori ya raba fata da tsoka, ya cusa ƙwayoyin cuta ciki, musamman in babban kare ne ya ɗaga ƙarami ya girgiza. Wannan ba na jinyar gida ba ne ko yaya ya yi ƙanƙanta a ido, ga kuma batun ciwon haukan kare in ba a san mai cizon ba. Ya ci gaba da jero tambayoyi. Bakin raunin ya wage ne ko a haɗe yake? Ana hango kitse ko tsoka a ciki? Yana kan gaɓa ne, ko kusa da ido, ƙirji ko ciki? Yana taka ƙafar? Ya sa na kwance takunkumin na ɗaga leɓensa na duba dasashi, ja-ja ne mai haske ko ya yi fari. Ya ce in danna da yatsa in saki, in launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu to jini na gudu yadda ya kamata. Da a ce raunin ya wage, ya ce, da yanzu zan kawo shi, don ɗinki ya fi kamawa cikin sa'o'i 6 zuwa 8 na farko, bayan nan ƙwayoyin cuta sun riga sun yi gida.

Na Guntu ƙujewa ce mai faɗin murfin kwalba, wajen santimita 3, da ɗan tsagu a tsakiya wanda bai ratsa fatar duka ba. Likita ya ce in yi jinyarsa a gida, in riƙa aiko hoto, amma da sharuɗɗa biyu: wanki sau biyu a rana, kuma harshensa kada ya taɓa wurin. Na amsa da "to" cikin sauri. Sharaɗi na biyun ban ɗauke shi da nauyin da ya kamata ba.

Aski aka fara yi. Gashin da ke kewaye ya manne da jini, kuma in aka bar shi, shi ne zai riƙa shiga cikin raunin yana riƙe danshi da datti. Dabarar da likita ya koya mini ta burge ni: kafin a sa almakashi, a shafe saman raunin da man nan mai santsi na asibiti wanda ruwa ke wankewa, ba man shafawa na jiki ba. Duk gashin da ya zubo sai ya maƙale a kan man, in an zo wanki ya tafi tare da shi. Na yi amfani da almakashi mai dakusasshen baki, na kwantar da shi a jikin fata, na share kamar faɗin yatsa biyu ta kowane gefe. Fatar ƙaramin kare siririya ce ƙwarai, in ka ja gashi sama ka datsa ba ka lura ba sai ka haɗa da fata, a je neman gira a rasa ido.

Ruwan wankin kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba tsororo ba. Wannan ya yi kusa da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, wanda ya yi daidai da gishirin da ke cikin jini, shi ya sa ba ya yi wa ciwo raɗaɗi kamar yadda mutum zai zata. Na zuƙa a sirinji mai mililita 20 marar allura, na riƙa fesawa da ɗan ƙarfi daga sama zuwa ƙasa. Sirinji na uku ne ya fito da wasu baƙaƙen ƙwayoyin ƙasa da ɗan ɓarɓashin tsatsa waɗanda idona bai gan su ba sam. Ban daina ba sai da rabin litar nan ta ƙare. Da auduga na goga, da turawa ciki zan ƙara yi musu, ga zaren auduga da ke maƙalewa a ciwo.

Ƙanena ya ɗauko kwalbar haidurojin feroksaid, wanda yake kumfa in an zuba a ciwo, ya ce ai wannan ne mai cinye datti. Ni ma da haka na taso ina gani, kumfar tana sa mutum ya ji kamar aiki ake yi. Amma yadda yake kashe ƙwayoyin cuta haka yake kashe sababbin ƙwayoyin naman da za su rufe raunin. Sifirit ma haka, ga azabar zafi. Magungunan goge ƙasa da na wanka masu warin asibiti su ma ba na jikin kare ba ne, balle wanda zai lashe. Abubuwa biyu likita ya yarda da su. Ɗaya kuloheksidin ne da aka tsinka ya koma kashi 0.05 cikin ɗari. In kwalbar mai kashi 2 ce, awo ɗaya ake zubawa a awo 39 na ruwa, kuma a nisanta shi da ido da cikin kunne. Ɗayan aidin ne irin na fobidon, a tsinka shi har ya yi launin ruwan shayi marar kauri. Aidin ɗin nake da shi, shi na diga bayan ruwan gishirin, na busar da gefen da ƙyalle mai tsabta.

Daren nan Guntu ya yi ta ƙugi ƙasa-ƙasa. Na buɗe akwatin magani na tsaya ina kallon aibufurofin, zuciyata na cewa ɓallo masa rabi. Allah ya taimake ni na sake kiran likita. Muryarsa har ta canza. Ya ce ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 ga kare mai kilo 4 ta zama miligiram 50 a kowane kilo, alhali rabin wannan ma ya isa ya fara ƙona masa ciki, in ya yi yawa kuma ya taɓa ƙoda. Farasitamol ma ba a ba kare da ka, sai da awon likita. Washegari na je na karɓo maganin zafi na karnuka da aka auna da nauyinsa, tare da abin wuyan roba mai kama da mazurari, wanda ke hana kare kai baki jikinsa.

Ba a naɗe raunin ba. Cinya wuri ne da bandeji ba ya zama, zamewa yake yi, in kuma aka matse don ya zauna sai a tare jini. Likita ya ce da a ƙasan ƙafa ne za a naɗe, a bar sararin da yatsa biyu za su shiga, a riƙa duba yatsun ko sun kumbura ko sun yi sanyi. Namu a buɗe aka bar shi, mazurarin ne bandejinsa.

Ranar da na saka masa mazurarin nan, Guntu ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki kamar an dasa shi. Da ya motsa sai ya daki ƙofa, ya daki ƙafar tebur, ya daki ƙwaurina. Ya kasa kai baki kwanon ruwansa, sai da na sauya masa ƙaramin kwano na ɗora a kan wani abu mai ɗan tudu. Yana kallona ta cikin robar da idanun nan nasa, kallon wanda aka zalunta. Duk da haka kwana uku na farko sun tafi lafiya. Safe da yamma ina wankewa, ina ɗaukar hoto da rular makaranta a gefe don in san ko raguwa yake yi ko idona ne ke yi mini daɗin baki. Gefen ya ɗan yi ja, ya ɗan kumbura, yana fitar da ruwa garai-garai mai ɗan ja, duk likita ya ce haka jiki ke fara gyara. A rana ta uku har wurin ya fara bushewa ya yi ɓawo siriri.

A daren rana ta huɗu ne na yi aika-aikar. Ya kasa samun yadda zai kwanta, ya juya nan ya juya can, robar na ƙara a jikin bango. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina ai ciwon ya bushe, bari in cire masa ya samu barci, gari na wayewa in mayar. Har da wata hujja na kawo wa kaina, wai ai an ce yawun kare magani ne.

Da asuba na tashi na ga shimfiɗarsa da tabon jini. Ɓawon ya tafi. Wurin da yake santimita 3 ya koma kusan 5, ja wur, jiƙe sharkaf, kuma ɗan tsagun tsakiyar ya zama rami, don ba lasa kaɗai ya yi ba, har da ɗan gatsa da haƙoran gaba. Harshen kare in ya yi sa'o'i yana bi ta kan sabon nama kankare shi yake yi, bakinsa kuma cike yake da ƙwayoyin cuta irin su Pasturela. Ciwon da ya fara warkewa ƙaiƙayi yake yi, don haka lokacin da na ga kamar an wuce haɗari shi ne lokacin da ya fi matsuwa ya kai baki.

Wannan karon ɗaukarsa na yi zuwa asibitin dabbobi. Likita ya duba bai ce komai ba na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ka cire masa ko?" Na sunkuyar da kai. Ya auna zafin jikinsa ya samu 38.9, wanda yake daidai, tunda na kare yana kaiwa 39.2 ba tare da zazzaɓi ba. Ya wanke ramin sosai, ya ce ɗinki ya wuce, rufe ciwon da baki ya shiga kamar kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Sai dai a bar shi ya ciko daga ƙasa. Ya ba ni man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta, a shafa siriri bayan kowane wanki, ya kuma ja mini kunne kan mayukan mutane, musamman masu sinadarin zinki da masu sitiroid: na farkon yana sa kare amai in ya lasa, na biyun yana jinkirta warkewa. Ya lissafa abin da in na gani in dawo ba sai na kira ba: mugunya mai kauri, wari, kumburin da ke ƙaruwa, ja da ke yaɗuwa, wurin ya yi zafi a hannu, ƙin cin abinci, ko zafin jiki ya haura 39.5.

Daga ranar mazurari bai sake barin wuyansa ba sai lokacin cin abinci, shi ma ina tsugune a gabansa. Na gwada saka masa wata tsohuwar rigar jariri ta baya don in rage masa wahala, cikin minti goma ya tura hanci ta ƙarƙashi. Na haƙura. Abin mamaki, da na daina tausaya masa a fili shi ma ya daina nuna damuwa. Kafin mako ya zagayo ya koyi karkata kai in zai wuce ƙofa, har ya gano yana iya kwasar ƙwallonsa da bakin robar.

A rana ta takwas na sake tsorata. Ƙasan ramin ya cika da wani jan nama mai gudaji-gudaji, mai sheƙi, da an taɓa sai ya ɗan yi jini. Na ce shi ke nan, ya zama gyambo. Na aika hoto hannuna na rawa, sai likita ya amsa da cewa wannan ne abin da muke jira. Sabon nama ne mai cike da ƙananan jijiyoyin jini, yakan ɓullo kwana 3 zuwa 5 bayan rauni, kuma a kansa ne sabuwar fata za ta shimfiɗu. Wanda ake tsoro shi ne naman da ya yi toka-toka, ko baƙi, ko mai yauƙi. Ya ce daga yanzu in rage ƙarfin fesawa, in ajiye aidin, ruwan gishiri kaɗai ya isa. Bayan kwana biyu na lura da wani siririn zobe mai launin ja-ja fari-fari a gefen raunin, kamar an zana da alƙalami. Fatar ce ta fara tafiya daga baki zuwa tsakiya, ramin kuma yana tsukewa kamar bakin jakar da aka ja wa zare.

Sauran abin da na yi fama da shi ƙudaje ne. Ciwo mai danshi yana kiran su daga nesa, kuma ƙwan da suka ajiye yana iya zama tsutsa cikin yini guda. Saboda haka Guntu ya koma zaman ɗaki, fita sai da igiya, ya yi abin da zai yi mu dawo. Ba gudu, ba birgima a ƙasa, ba wanka. Shimfiɗarsa kullum sai na sauya. Kowane wanki nakan haska fitila in duba gefen ciwon da cikin gashin da ke kusa, ko akwai fararen ƙwai masu kama da ɓarɓashi. Ruwan gishirin ma kullum sabo nake haɗawa, na jiya zubarwa nake yi.

Hotunan da ke wayata su suka riƙe mini lissafi: santimita 4 a rana ta goma, 2 da rabi a ta goma sha uku, 1 a ta goma sha shida. A rana ta goma sha tara wurin ya rufe ruf, fata sabuwa, santsi, ba gashi, launinta ya fi na kewaye haske. Na kira likita ina murna zan cire mazurarin, ya ce in ƙara kwana uku, don sabuwar fata ba ta da ƙwari, kuma tabo ko ya shekara ba ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin fatar asali. Wannan karon ban yi gardama ba.

Ranar da na kwance igiyar robar, Guntu ya girgiza kai har kunnuwansa na kaɗawa, ya zauna ya sosa bayan kunne da ƙafar baya kamar ba zai daina ba. Sannan ya juya ya shinshina cinyar. Na riƙe numfashi, mazurarin na hannuna. Ya lasa sau ɗaya, ya ƙyale, ya nufi ƙofa. Na bi shi da filaya a aljihu, ya tsaya yana kallona ina lanƙwasa bakin wayar nan ciki, ina ɗaure ta da sandar shinge.